Abin da Ya Ɗaure Mana Ƙafa: Fashin Baƙi Kan Rashin Motsinmu Tsakanin Talauci da Ta'addanci

A kakar bara na je gaishe da wani kawuna a ƙauyenmu da ke gefen dajin Rugu, a yammacin jihar Katsina, da niyyar in roƙe shi ya kwaso iyalinsa su dawo birni. Na same shi a zaure bisa buzunsa bayan la'asar, yana gyaran ƙotar lauje, rediyo na gefensa. Sau biyu 'yan bindiga suka shiga garin a wannan shekarar, sun kore shanun huɗa, sun tafi da mata uku waɗanda sai da aka bi gida-gida aka haɗa kuɗin fansa kafin a sako su, kuma kafin a sa lauje a gona sai da gari ya biya harajin da aka yanka masa. Na jera masa duk wannan kamar bai sani ba. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya miƙe ya ja ni bayan gida ya nuna mini rumbunsa.

"Ɗana, dami sittin ke cikin nan, gero da dawa, su za su kai mu bazara in Allah ya yarda. In na bi ka birni, wa zai riƙa auna mini tiya kullum? Gidan haya zan kama da mutum goma sha huɗu? A nan in sun zo muna kwana a daji mu dawo da safe. Yunwa kuwa ba a kwana mata a daji a dawo."

Na ce, "Kawu, ai rai ya fi hatsi." Ya ce, "Hatsin ne ke riƙe da ran."

Tun daga ranar na daina yarda da bayanin da muka saba yi wa kanmu, cewa mutanenmu ba sa motsi ne saboda lalaci, ko jahilci, ko mutuwar zuciya. Tambayar tana nan daram: me ya sa al'ummar da ke ganin tattalin arzikinta na zubewa a gaban idonta, ana kuma kashe ta ana sace 'ya'yanta shekara da shekaru, take ci gaba da rayuwa kamar yadda ta saba? Amsar da na samu ita ce, rashin motsin nan lissafi ne, kuma a wurin mutum ɗaya lissafin sau da yawa daidai yake fita. Masifar tana zuwa ne idan aka haɗa lissafin miliyoyin mutane wuri guda, domin a nan ne abin da ya zama hikima ga kowane ɗaya yake zama halaka ga kowa da kowa.

A fara da talaucin, domin shi ne ya riga ta'addancin zuwa. Duk wanda ya san Kaduna kafin shekarun 1990 ya san yadda unguwar Kakuri ke cika da ma'aikatan masaƙu idan an tashi aiki, tun daga masaƙar da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, kamar yadda Bompai da Sharaɗa da Challawa suke a Kano. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararowar yadin waje ta kan iyaka, suka bi masana'antun nan ɗaya bayan ɗaya har suka koma kangaye. Ba a rana ɗaya aka rufe su ba. An fara da rage ma'aikata, aka koma biyan rabin albashi, aka dawo aiki kwana uku a mako, sannan aka sa kwaɗo a ƙofa. A kowane mataki mutane sun ga kamar abin na ɗan lokaci ne, suka jure, suka sayi babur suka shiga acaɓa. Haka lalacewa take yi idan tana tafiya a hankali: babu wata rana guda da mutum zai nuna ya ce yau ce tura ta kai bango, saboda kowace rana ɗan kaɗan ta fi jiya muni.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane a Arewa suke. A kan wannan hali ne aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta haye 1,500, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai hankali zai yi zaton irin wannan matsi zai tilasta wa mutane sauya sana'a, sauya irin shuka, sauya yadda suke kashe kuɗi. Wasu sun sauya. Amma akwai abin da masu ba da shawara daga ofis ba su cika kula da shi ba, shi ne cewa canji yana buƙatar rara. Manomin da aka ce ya bar irin gero na kakanninsa ya gwada sabon iri mai yawan yabanya ya san cewa idan gwajin ya ci tura babu wanda zai ciyar da gidansa har wata damina. Ɗan kasuwar da jarinsa ya ragu da rabi saboda dala yana ci gaba da saro kayan da ya sani ko da ribar ta tafi, domin a sabuwar sana'a sai an yi asarar koyo, shi kuwa ba shi da abin da zai yi asara. Mai kuɗi yana iya yin kuskure sau uku ya tashi ya karkaɗe rigarsa, talaka kuwa kuskure ɗaya ne tsakaninsa da bara. Saboda haka gwargwadon yadda talauci ya tsananta, gwargwadon yadda mutum ke ƙanƙame abin da ya saba, ko da yana gani da idonsa abin na nutsewa da shi.

Tsoro kuma nasa aikin ya fi wannan zurfi, domin ta'addanci ba kisa kaɗai yake yi ba, darasi yake koyarwa, kuma masu yin sa sun san darasin da suke so a ɗauka. A farkon Afrilun 2014 mutanen garuruwa da dama suka taru a 'Yar Galadima, cikin ƙaramar hukumar Maru ta jihar Zamfara, domin su tattauna yadda za su tunkari ɓarayin shanu da 'yan fashin da suka addabe su. Suna cikin taron 'yan bindiga a kan babura suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane masu yawan gaske, mazauna garin suka ce adadin ya haura 100. A Fabrairun wannan shekarar aka harbe Sheikh Muhammad Auwal Albani a Zariya tare da matarsa da ɗansa, malamin da bai ɓoye adawarsa da aƙidar Boko Haram ba, kuma shugaban ƙungiyar ya fito ya ɗauki alhakin kisan. A watan Nuwamba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu, ranar Juma'a 28 ga watan aka kai hari babban masallacin da ke jikin fadarsa, mutane sama da 100 suka rasu. Abubuwa uku ne a shekara guda, a wurare uku masu nisa da juna, kuma saƙonsu ɗaya ne: wanda ya fara ɗaga kai shi za a fara sarewa.

Wannan darasi ya zauna a zukata, kuma ana ganin tasirinsa a ƙananan wurare fiye da manya. A garuruwa da yawa na Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato kusan kowa ya san wanda ke kai wa daji burodi da fetur da katin waya, an kuma san wanda ke buga waya ya faɗi ranar da wane ya sayar da shanu. Ana sallah sahu ɗaya da shi, ana haɗuwa a wurin mai shayi, ba mai cewa uffan. Na taɓa zama a wani taron unguwa bayan sallar isha'i inda dattijo ya tambaya ko akwai wanda ya san yadda aka yi 'yan bindiga suka wuce gidaje shida suka tsaya a ƙofar mutumin da ya dawo daga kasuwa da kuɗi. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, har aka shafa fatiha aka watse. A hanyar gida wani ya raɗa mini sunan wanda ake zargi, ya kuma ƙara da cewa wanda ya kai ƙara bara, kafin ya iso gida labari ya riga shi zuwa daji, kuma wanda aka kama ɗin bai yi mako biyu a tsare ba. A irin wannan yanayi amfanin magana na kowa ne, hatsarinta kuwa na mai maganar ne shi kaɗai da 'ya'yansa. Kowa na jiran wani ya fara, waɗanda ake jira su ma suna jira.

Shirun kuma yana haifar da wani shirun. Da zarar mutum ya fara zargin maƙwabcinsa, gayya ta mutu, adashe ya mutu, aikin gayyar gyaran hanya da haƙar rijiya ya mutu, alhali da waɗannan ne talaka yake samun rarar da ba shi da ita shi kaɗai. Nan ne talauci da tsoro suke haɗa hannu: tsoro ya raba mutane, rabuwar ta ƙara musu talauci, talaucin ya samar wa daji sababbin masu kai rahoto waɗanda naira dubu biyar ta isa ta saye su.

Akwai kuma sabo. Lokacin da aka sace 'yan mata 276 a Chibok cikin Afrilun 2014 duniya ta girgiza, aka ƙaddamar da shirin tsare makarantu a wannan shekarar. Sai aka yi Dapchi a 2018, aka yi Ƙanƙara a Disambar 2020 inda aka kwashe ɗalibai sama da 300, aka yi Kagara da Jangeɓe a Fabrairun 2021, aka yi Kuriga a Maris na 2024. Duk wanda ya bi waɗannan labarai da gaskiya zai yarda cewa kowane ɗaya ya fi wanda ya gabace shi saurin fita daga bakin mutane. Zuciya ba ta iya ɗaukar firgici kullum, saboda haka takan mayar da abin firgitarwa ya zama ruwan dare don ta samu ta yi barci. Har harshenmu ya nuna hakan, domin yanzu mukan ce "an ɗauke wane" kamar yadda ake cewa an ɗauke wuta, mukan tambayi direba a tasha ko "hanya da kyau" kafin mu tambayi kuɗin mota. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan har masu hankali ya ɗaure.

Dole a taɓo batun ƙaddara, domin ita ce mafakar da aka fi fakewa da ita, kuma ita ce aka fi zalunta. Imani da ƙaddara shi ya hana dubban iyayen da suka binne 'ya'yansu haukacewa, kuma babu mai imanin da zai raina wannan. Sai dai akwai bambanci tsakanin miƙa wuya ga abin da ya riga ya faru da naɗe hannu a gaban abin da ake iya karewa. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Malamanmu sun san wannan sarai. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar "haka Allah ya so" ta fi yawa a bakin masu mulki idan sun je jaje fiye da bakin waɗanda aka yi wa rashin, domin a bakin mai mulki tana rufe tambayar wa ya yi sakaci.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da ya fi nauyi, wanda kuma ba shi da uzurin da kawuna yake da shi. Talaka ba ya motsi saboda ba shi da inda zai dafa, masu iko kuwa ba sa motsi saboda sun sayi hanyar fita ta kansu. Da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama tarkon masu garkuwa, manya suka koma jirgin ƙasa, da aka kai wa jirgin ƙasan hari ranar 28 ga Maris na 2022 suka koma jirgin sama. Da ruwan famfo ya ƙafe kowa ya haƙa burtsatse a gidansa, da wuta ta lalace aka sayi janareta da sola, da makarantar gwamnati ta rushe aka kai yara ta kuɗi ko ƙasar waje. Duk lokacin da mai faɗa a ji ya warware matsalarsa shi kaɗai, an rasa murya ɗaya da za ta matsa a warware ta kowa. Ga kuma lissafin zaɓe, wanda shekara huɗu ne tsawonsa, alhali gyaran ilimi ko dawo da burtali da makiyaya ko farfaɗo da masana'anta aiki ne na shekara ashirin wanda wani ne zai yanke zarensa.

Tarihin tallafin man fetur ya nuna inda jan ƙafa ke kai ƙasa. An san shekaru da yawa cewa kuɗin ba za su ɗore ba. Gwamnatin Jonathan ta cire shi ranar 1 ga Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140, zanga-zanga ta tilasta aka dawo da ita 97. Daga nan aka yi ta tura matsalar gaba, matatun gwamnati, ciki har da ta Kaduna da aka buɗe a 1980, suna kwance, har tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Shekaru goma sha ɗaya da ya kamata a yi amfani da su wajen gyara matatu da samar da motocin haya masu rahusa da gina hanyar kai tallafi ga mabuƙata sun wuce a banza, sai aka wayi gari aka cire shi da jimla ɗaya a jawabin rantsuwa. Haka batun 'yan sandan jihohi: Taron Ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a kafa su, shekara goma bayan haka, a Fabrairun 2024, shugaban ƙasa da gwamnoni suna zaune suna sake duba yiwuwar hakan. A tsakanin nan gwamnonin Katsina da Zamfara sun yi sulhu da 'yan bindiga a 2019 ya wargaje, an katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 aka dawo da su, kowane mataki ana ɗaukarsa ne bayan an yi ɓarna, irin ihun nan na bayan hari.

Idan talaka ya gwada motsi kuma, abin da ke biyo baya yakan tabbatar masa da lissafinsa na farko. Manoman shinkafar Zabarmari, a jihar Borno, sun fita girbi a Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020, Boko Haram ta yi musu yankan rago, washegari aka yi jana'izar 43. Matasan da suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a farkon Agustan 2024 an harbe wasunsu a biranen Arewa, sannan a Nuwamba jama'a suka ga yara ƙanana a kotu a Abuja, wasu na faɗuwa saboda galabaita, kafin a ba da umarnin sakin su. Ko akwatin zaɓe, wanda shi ne motsi mafi sauƙi, an guje shi: cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan miliyan 25 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Wanda ya zauna a gida ranar yana da dalilinsa, ko da dalilin ya ƙara tabbatar da abin da yake kuka da shi.

Amma ba gaskiya ba ne a ce mutanen nan ba sa taɓa tashi. A tsakiyar 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu, matasan Maiduguri suka ɗauki gora da adda suka fara nuna 'yan Boko Haram unguwa-unguwa, har ƙungiyar ta fice daga cikin birni ta koma daji. Waɗannan 'yan kato da gora su ne mutanen da watanni kaɗan kafin nan ba sa iya ambaton sunan ƙungiyar a fili. Halinsu bai sauya dare ɗaya ba, lissafin ne ya sauya: sun tashi da yawa a lokaci guda ta yadda ba a iya ware mutum ɗaya a hukunta shi, sojoji na tsaye a bayansu, kuma zaman shirun ya riga ya daina kare kowa, domin mai shiru yana tsakanin harsashin 'yan ƙungiya da kamen jami'an tsaro. Kwatanta wannan da 'yan sa-kai na Zamfara, waɗanda su ma tashi suka yi, amma ba tare da doka ko jagoranci ba, suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba bincike, abin da ya tura matasa da yawa cikin daji ya kuma mayar da fashi ya zama gabar ƙabila. Motsin da ba shi da tsari yana iya fin zama ɓarna, kuma mutanen karkara sun ga wannan da idonsu, shi ya sa wasunsu suke ɗari-ɗari har da rundunonin tsaron al'umma da gwamnatocin Katsina da Zamfara suka kafa a 2023 da 2024.

Abin da misalin Maiduguri ya nuna shi ne cewa wa'azi da zagi ba sa motsa wanda tsoro da talauci suka ɗaure, sai an rage masa farashin motsin. Mai kai rahoto ga hukuma yana buƙatar tabbacin cewa sunansa ba zai fita daga ofishin ba, kuma wanda aka kama zai ga alƙali. Manomin da ake so ya gwada sabon iri yana buƙatar wanda zai raba asarar da shi idan damina ta ƙi. Mai gudun hijira yana buƙatar fili da abin yi a inda zai sauka, domin in ba haka ba gudun nasa canjin wurin mutuwa ne kawai. Duk waɗannan ayyuka ne da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, suna hannun waɗanda suka fi kowa ikon yi kuma suka fi kowa ƙarancin dalilin gaggawa.

Na sake kiran kawuna a farkon damina. Ya ce sun yi shuka, amma gonar bakin daji, wadda ta fi kowace ƙarfi, ya bar ta bana, ya tsaya a ta kusa da gari wadda ba ta wuce dami ashirin. Manyan 'ya'yansa biyu sun tafi ci-rani kudu ba su dawo huɗa ba. Na sake yi masa maganar birni, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in bari a ga yadda kaka za ta yi.